Matar Da Ke Cikin Littafi Da Matar Da Ke Cikin Gida

A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwa cewa ta sake tsarin abin da za a riƙa koya wa yara a makarantun boko, tun daga firamare har sakandare. An rage yawan darussa, an mai da tarihin Nijeriya wajibi daga aji ɗaya na firamare har aji uku na ƙaramar sakandare, an kuma ware sana'o'i shida: haɗa wutar sola, da ɗinki, da kiwo, da kwalliya, da gyaran kwamfuta da wayar hannu, da aikin lambu da noma. Duk wanda ya san sha'anin makaranta ya san abin da ke biye da irin wannan sanarwa. In an sake tsari sai an sake littattafai, in kuwa littafi ya shiga aji, to, ya zauna ke nan shekara da shekaru, wa ya gama da shi ya miƙa wa ƙane. Saboda haka magana ta fi amfani tun tawada ba ta bushe ba.

Maganar kuwa ita ce surar mace a cikin waɗannan littattafai. Malami a zaurensa da attajiri a rumfarsa na iya cewa wannan rigimar 'yan boko ce, ba ruwansu. Amma fa 'ya'yansu ne ke zaune a ajin, da kuɗinsu kuma a ke sayen littafin. Sau uku mulki ya juya a ƙasar nan tun daga 1804, kowane juyi ya zo da abin karatunsa. Abin mamaki shi ne, na farkon, wanda ya fi tsufa, shi ya fi ba mace fili.

Tun ba a zare takobin jihadi ba aka soki Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da cewa mata na halartar wa'azinsa. Wani malami, Mustafa Goni, ya aika masa da waƙa yana nema ya hana su. Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya mai da jawabi, ma'anar jawabin kuwa ita ce, an raba mazauninsu da na maza, barinsu cikin jahilci kuma ya fi zuwansu majalisi muni. A cikin Nurul Albabi Shehu ya yi zargi mai zafi ga malaman da ke tara almajirai suna karantar da su safe da yamma, alhali kuwa matansu da 'ya'yansu mata na cikin gida ba su san hukuncin alwala da salla ba.

'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ita ta mai da wannan magana aiki. Ta duba ta ga ƙauyuka cike da mata waɗanda ba su jin Larabci, waɗansu ma ba su rabu da bori ba, sai ta shirya musu darasi a waƙe, don a haddace ana daka ana kaɗi. Ta zaɓi dattijan mata masu hankali ta naɗa su jaji, ta ba kowace malfa da jan rawani, su riƙa jagorantar 'yan taru daga ƙauyuka zuwa wurinta, su koma su karantar. Akwai waƙarta da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114 don sauƙin riƙewa. Akwai kuma wadda ta jera mata masu albarka, tun daga matan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da 'ya'yansa, da Rabi'atul Adawiyya, har ta gangaro ga matan jama'ar Shehu waɗanda masu sauraro suka san gidajensu. Watau yarinyar ƙauye ta wancan zamani tana jin sunayen mata malamai a cikin darasinta, tana kuma ganin mace malama zaune gabanta. Bayan rasuwar Asma'u ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da aikin.

Juyi na biyu shi ne zuwan Turawa, da suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, duk na maza. Sai a 1930 Gwamnati ta buɗe wa 'yan mata wurin karatu a Kano da Katsina, shekara 21 bayan na maza. Da Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Dokta East, ta shirya gasar rubuta littattafan hira a 1933, waɗanda suka rubuta Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi duk maza ne, waɗanda a ke nufi su karanta su ma samari ne na makarantun elementare da Midil. Wannan ba abin zargi ba ne ga mawallafan. Alhaji Abubakar Imam ya yi wa harshen Hausa hidimar da har gobe ba a gama biyansa ba, Magana Jari Ce kuwa, da ya fito tsakanin 1937 da 1939, shi ya sa mutane da yawa suka so karatu. Amma a duba wanda a ke tarbiyyantarwa a cikinsa. A littafi na ɗaya aku yana ba ɗan sarki Musa labarai, a na uku yana koyar da ɗansa Fasih. Mata na shigowa su fita, galibi a kan kyau ko kishi ko makirci, irin Kalalatu da ta cinye kaji ta haɗa mijinta da baƙo tsere. A Jiki Magayi, Zainabu ita ce wadda dukiyar Malam Shaihu ta rinjaye ta. Uwar Shaihu Umar ce kaɗai ta tsaya da ƙafafunta, ta ƙetare Sahara tana neman ɗanta, har ta faɗa cikin bauta, ta gan shi sa'an nan ta cika. Ita ma da haƙurin uwa aka san ta, ba da ilmi ko sana'a ba.

Ko sunayen littattafan koyon karatu sun isa shaida. Ka Koyi Karatu, Ka Ƙara Karatu, Ka Yi Ta Karatu. Gaskiya ne Bahaushe kan ce "ka" yana nufin kowa da kowa, karin magana ma haka ta ke tafiya. Amma harshen nan ya bambanta "ka" da "ki", yarinya 'yar shekara bakwai kuwa ba ta san nahawu ba, ta dai san cewa in an ce "ka zo" a gidansu, wanta a ke kira.

Abin da aka shirya wa 'yan matan 1930 ya fi wannan ban mamaki. Turawa mata da aka kawo su koyar sun zo da tsarin ƙasarsu: tsabta, da reno, da girki, da ɗinki, da ɗan karatu da rubutu. Tsabta da reno ba mai ƙin su. Amma surar gidan da ke bayan tsarin ta Ingila ce ta zamanin, inda miji ke tafiya ofis ya kawo albashi, uwargida na zaune da allura. A ƙasar Hausa kuwa allura ta namiji ce a wancan lokaci. Maɗinka maza ne, masu aikin aska biyu da aska takwas a wuyan riga maza ne, malamai da almajirai nawa ne suka ci abinci da ɗinkin hula? Abin da ke hannun mace mazari ne, mazari kuwa ba abin wasa ba ne. Bature Barth, wanda a ke kira Abdulkarimu, ya shigo Kano a 1851, ya ƙiyasta cinikin tufafin da Kano ke yi a shekara da wuri miliyan 300 a ƙalla, ana kai su har Tumbutu da Tarabulus. Masaƙa da marina ne a ke gani a fili, amma zaren da suka saƙa suka rina mata ne suka kaɗa shi a ɗakunansu, suka sayar, suka riƙe kuɗinsu. Littafin boko ya ɗauke wa mace mazarin da ke kawo mata kuɗi, ya miƙa mata allurar yin ado ga matashin kai.

'Yan kasuwa sun fi kowa sanin wannan. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 bayan ya shahara da fataucin goro da cinikin gyaɗa, sunansa ma na mace ne, watau Tata, wadda ta rene shi a Bebeji. Mahaifiyarsa kuwa 'yar fatauci ce, har ta zauna a Ankara ta ƙasar Gana. Har yau a kowace unguwa akwai matan da ba a taɓa ganin fuskarsu a kasuwa ba, amma man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da fura da daddawa da ke kan tire daga hannunsu suka fito. Su ke riƙe da adashi, su ke ba dillaliya kaya, su ke tara kayan ɗakin 'ya'yansu, sau da yawa kuma su ke ranta wa mai gida jari in kasuwa ta juya masa baya, ko da ya ke ba kowane mai gida ne zai so a faɗi wannan a zaure ba.

Malamai kuma sun san abin da ya fi wannan ƙarfi, domin a gabansu ya ke a rubuce. Littattafan fiƙihu da a ke karantawa a zaure, daga Ahalari da Iziyya zuwa Risala da Muhtasar, da mukallafi su ke magana, mace kuwa mukallafa ce. A mazhabar Imamu Malik, matar aure mai hankali da rushudi tana saye tana sayarwa da dukiyarta ba sai da izinin miji ba. Inda a ke ba miji ikon hanawa shi ne in za ta yi kyautar abin da ya wuce sulusin dukiyar. Sadaki nata ne. Ciyarwa da tufatarwa a wuyan miji su ke, ko da ta fi shi arziki. Muhtasar na Shaihu Halilu ya ɗora mata hidimar cikin gida gwargwadon al'ada da matsayinta, amma ya fitar da saƙa da kaɗi daga ciki, domin waɗannan neman kuɗi ne, ba a tilasta mata ta yi wa miji su. In dukiyarta ta kai nisabi ta shekara, zakka ta hau kanta, ɗaya cikin 40, ita za a tambaya ranar gobe, ba mijinta ba. A babin gado kuwa tana da rabi, ko rubu'i, ko sumuni, ko sulusi, ko sudusi, ko a haɗa ta da 'yan'uwanta mata a sulusi biyu, gwargwadon matsayinta ga mamaci. Duk wannan lissafi ne. Shari'ar da ta ba mutum sumuni ta ɗauka cewa zai san sumuni in ya gan shi. Uwar muminai Hadiza ta ba da dukiyarta aka kai Sham fatauci, Uwar muminai A'isha kuma an ruwaito hadisi 2,210 daga gare ta. Ashe matar da ke cikin littafin zaure ta fi matar da ke cikin littafin aji faɗin hakki da nauyin wajibi.

Juyi na uku shi ne mulkin kai. Jihar Arewa ta karɓi nata a watan Maris 1959, Nijeriya duka a 1960. A shekarun nan an yi ta muhawara a kan mata. A 1956 Malam Isa Wali ya rubuta jerin maƙaloli a jarida a kan matsayin mata a Musulunci, suka ta da ƙura ƙwarai. Jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ta nemi a ba mata ƙuri'a, jam'iyyar NPC mai mulki ta ce lokaci bai yi ba, Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri sau da yawa a kan siyasa. A zaɓen 1959 matan Kudu suka jefa ƙuri'a, matan Arewa ba su jefa ba. Sai a 1976, da aka sake tsarin ƙananan hukumomi, aka ba su, a shekarar nan kuma aka soma shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, 'yan mata suka cika azuzuwa yadda ba a taɓa gani ba.

To, doka ta sake, aji ya sake, amma surar da ke cikin littafi ba ta motsa ba. Darasin zaman jama'a na firamare ya ci gaba da koya wa yaro cewa uba ke nemo kuɗi, uwa ke girki da shara, ya tsaya nan. Rabin farko daidai ne a Shari'a, rabin na biyu kuwa an guntule shi. Da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a 1982, al'ada ta tura 'yan mata ga darasin kula da gida, samari ga aikin katako da ƙarfe. Sai a 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwahid, wanda a ke lissafa shi farkon littafin hira na Hausa da mace ta rubuta aka buga, shekara 47 bayan gasar Dokta East. Daga wajen 2009 kuma aka cire tarihi daga darussan firamare da ƙaramar sakandare na tsawon shekaru, ƙofar da Asma'u za ta shiga aji ta nan ta rufe. Ko da can ma tarihin makaranta ya fi sanin Daurama da Amina ta Zazzau, sarauniyoyin zamanin da, daga nan sai mata su ɓace daga labari kamar an yi ruwa an ɗauke.

Akwai tsoro a zukatan malamai in an ta da wannan magana, tsoron kuwa yana da dalili. Sun ga an shigo da abubuwa cikin littattafan yara waɗanda suka saɓa wa addini da kunya, suna zaton duk mai cewa a gyara surar mace, can ya nufa. A 2022 Ministan Ilmi ya ba da umurni a cire darasin jima'i daga manhajar yara, a 2023 kuma Gwamnatin Kano ta hana amfani da waɗansu littattafai a makarantun yara saboda abin da aka ce yana ɓata tarbiyya. Wannan ya nuna cewa jama'a na iya buɗe littafin ɗansu su karanta, in sun yi magana kuma a ji. Sai dai duban nan da ido ɗaya a ke yinsa. Ana neman abin da aka cusa, ba a neman abin da aka zare. Mai awo kuwa ya san cewa tauye mudu zamba ce, kamar yadda zuba tsakuwa a hatsi ya ke zamba.

Ba kuma sai an taɓa maganar kulle ba. Mai kulle da mara kulle duk suna iya yarda da wannan, domin ba a bukatar a fitar da mace daga gida kafin a nuna ta tana ƙirga ribarta, ko tana karantar da yara, ko tana fitar da zakka. Ba a bukatar a cire mata mayafi a hoto kafin a sa mata farar rigar likita. Malamin da ba ya son namiji ya duba matarsa a asibiti, tilas ya so a sami likita mace, likita mace kuwa ba daga sama ta ke faɗowa ba, yarinya ce da ta buɗe littafin kimiyya a aji huɗu ta ga akwai wurinta a ciki.

Ɓarnar ba ga yarinya kaɗai ta tsaya ba. Uba ɗan kasuwa kan duba littafin 'yarsa ya ga girki da shara, ya ce ai wannan uwarta ta fi malamin iyawa, ya cire ta ya ɗora mata talla, lissafinsa kuwa bai ɓace ba in abin da littafin ke nunawa ke nan. Ɗan'uwanta namiji da ke zaune kusa da ita shi ma yana karantawa. Shekara shida yana ganin Audu ke saye, Musa ke sayarwa, Binta na ɗebo ruwa. Shi ne gobe zai zama waliyyi, shi zai riƙe gonar gado ya ce yana ajiye wa 'yan'uwansa mata rabonsu, ajiyar da alƙalai suka san yadda ta kan ƙare.

Sababbin sana'o'in nan shida su ne inda za a fi saurin yin kuskuren 1930. In aka bar masu zanen hoto da abin da suka saba kwaikwaya, za a ga yarinya a kan keken ɗinki da kwalliya, yaro a kan kiwo da sola da waya. Alhali teloli a kasuwannin Kano da Zariya da Katsina galibinsu maza ne, awaki da tumaki da kajin da ke cikin gidajen ƙauye kuwa da yawansu na mata ne, su ke ba su dusa, su ke sayarwa in biki ya taso. Matan da ke cikin kulle kuma wayarsu na lalacewa kamar ta kowa, da yawansu sun fi so su miƙa wa mace hotunansu da asiransu da su aika wa saurayi a bakin kasuwa.

Hukumar tsara manhaja ta ƙasa, wadda a ke kira NERDC, ita ke shata darussa, amma ba ita ke saye ba. Masu makarantun Islamiyya da ke haɗa boko da addini su ke zaɓen littafin da za su ce iyaye su saya, da yawansu kuwa malamai ne. Masu sarin littattafai a Sabon Gari da Kurmi 'yan kasuwa ne, kamfanin ɗab'i kuma ba ya buga abin da ɗan sari ya ce ba ya tafiya. Kafin a karɓi littafi, a buɗe na lissafi a ƙirga sau nawa aka ambaci mace da kuɗi a hannunta. A buɗe na tarihi a ga ko 'yan taru na ciki. Malaman fara'ili kuma suna da abin da za su miƙa wa mawallafa kyauta. Mutum ya rasu ya bar Naira 720,000 bayan an biya bashi da wasiyya, ya bar mata ɗaya, da uwa, da ɗa, da 'ya. Matar tana da sumuni, 90,000. Uwar tana da sudusi, 120,000. Sauran 510,000 a kasa uku, ɗa ya ɗauki 340,000, 'ya ta ɗauki 170,000. Magada huɗu, uku mata ne, abin da ya shiga hannunsu kuma 380,000, ya ɗara rabin dukiyar. Rabin shafi ya ishi wannan a littafin aji shida.